Kwaɗin Kurmin Mambila da Gonakin da Suka Yi Musu Zobe

Da zarar ruwan farko ya sauka a tsaunin Mambila, wajejen watan Afrilu, hanyar da ta haura daga Maisamari ta bi Nguroje zuwa Gembu sai ta koma ta manoma. Babura na wucewa da buhunan taki da jarkokin maganin feshi. Samari na gangarawa kwari da injin feshi goye a baya. In magariba ta yi, kududdufan bakin gona su ɗauki kukan kwaɗi, har mai magana sai ya ɗaga murya.

Wanda ya ji wannan kuka zai ɗauka kwaɗi na cikin ni'ima. Sai dai masu kukan nan kwaɗin fili ne, irin waɗanda ko a lungunan Kano da Maraɗi za a same su. Rana ba ta cika damunsu ba, kuma duk ruwan da ya kwanta, ko da a sawun mota ne, ya ishe su zuba ƙwai.

Akwai wasu da ba a jin su daga bakin titi. Suna can cikin guntayen kurmin da suka saura a kwaruruka da gefen ƙoramu, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye da tsakanin duwatsun ruwa. Wasunsu ba su kai babban yatsa girma ba, kuma duk duniya ba a samun su sai a jerin tsaunukan da suka ratsa iyakar Najeriya da Kamaru. Su ne gonakin masara da filayen kiwo da shukar itacen turare suka yi wa zobe, zoben kuma sai ƙara tsukewa yake yi.

Lamarin bai tsaya ga Mambila ba. A 2023 mujallar Nature ta buga sakamakon wani gagarumin nazari da ya duba nau'o'in kwaɗi da danginsu kimanin dubu takwas. An gano cewa wajen kashi 41 cikin ɗari na fuskantar barazanar ƙarewa, abin da ya zarce na tsuntsaye da na dabbobi masu shayarwa. Cikin waɗanda ke cikin haɗarin, sama da uku cikin huɗu noma na daga abubuwan da ke cin su.

Kurmi a tsakiyar ciyawa

Mambila na cikin ƙaramar hukumar Sardauna ta jihar Taraba, a kan tudun da tsayinsa ya haura mita 1,500. Abin da ke fara ɗaukar idon baƙo shi ne tuddai masu koriyar ciyawa iya ganinsa, da garkunan shanu. Kurmi sai an leƙa gangare da kwari, inda gobarar rani ba ta cika kaiwa ba.

Mafi shahara shi ne Ngel Nyaki, kusa da ƙauyen Yelwa, wanda aka keɓe ya zama gandun daji a 1969. Faɗin gandun ya kai murabba'in kilomita arba'in da 'yan kai, amma ainihin kurmin da ke cikinsa bai wuce wajen bakwai ba, sauran ciyawa ce. Kewaye da shi akwai siraran kurmi da ke bin ƙoramu, wasu faɗinsu taku kaɗan ne.

Ba yau aka fara ganin kurmi da ciyawa gefe da gefe a Mambila ba. Abin da ya sauya shi ne yawan shanu tun daga wajejen shekarun 1940, da yawan jama'a, da yadda gona ke gangarowa har bakin ruwa.

Tun cikin shekarun 2000 akwai cibiyar bincike a gefen Ngel Nyaki, ƙarƙashin shirin Nigerian Montane Forest Project wanda Hazel Chapman ta Jami'ar Canterbury da ke New Zealand ta kafa. Mahaifinta jami'in gandun daji ne da ya zaga waɗannan kurmi a shekarun 1970 yana rubuta itatuwan da ke cikinsu. Jami'ar Jihar Gombe na cikin abokan aikin cibiyar, kuma da yawa daga ma'aikatanta 'yan Yelwa ne.

A 2010 David Blackburn da abokan aikinsa suka bayyana wani ɗan ƙaramin kwaɗo na waɗannan tsaunuka da ilimin kimiyya bai san da shi ba a da, suka sa masa suna Arthroleptis palava. Shi wannan mai juriya ne, ana ganinsa har a gona da cikin shukar turare. A 2018 kuma Denise Arroyo-Lambaer da abokan aikinta suka wallafa bincike kan wasu nau'o'i biyu da ake jin tsoron ƙarewarsu, Cardioglossa schioetzi da Leptodactylodon bicolor, waɗanda suka bi har cikin siraran kurmin bakin ƙorama da ciyawa ta kewaye. Na farkon, namijinsa na da wani yatsa guda mai tsawo na ban mamaki. Dukkansu biyu ba su da wurin renon 'ya'ya sai ƙoramar da ke cikin inuwa.

Fata mai tsattsafo

Dalilin da ya sa gona ke zame wa kwaɗon kurmi katanga yana jikin fatarsa. Ƙadangare na da ɓawo, tsuntsu na da gashi, shi kuwa fatarsa kamar sabon tulu take, kullum cikin tsattsafo. Ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake tsotsa, ta nan kuma yake samun wani kaso na iskar da yake shaƙa. Ta inda ruwa ke shiga ta nan yake fita, ta nan kuma guba ke shiga.

Cikin kurmi akwai inuwa da laima da ganye mai kauri a ƙasa. In ya fito fili da rana, musamman lokacin hunturu, ɗan ƙaramin kwaɗo kan iya bushewa kafin ya ƙetare kunyoyi kaɗan. In ya tsira daga rana, ga shaho da belbela da maciji a filin da babu maɓoya.

Sannan kwaɗin kurmi iri biyu ne wajen haihuwa. Wasu, kamar dangin Arthroleptis, a cikin jiƙaƙƙen ganye suke ajiye ƙwai, ɗan ya fito da kamannin uwarsa sak, ba ruwansa da rafi. Wasu kuwa dole ƙwansu ya sami ruwa, 'ya'yan su yi makonni ko watanni suna iyo da wutsiya kafin su fitar da ƙafafu su hau tudu. Wannan bambanci shi ke nuna wanda gona za ta fara kayarwa.

Abin da aka gano a Brazil

A gabashin Brazil akwai wani kurmi da ya taɓa shimfiɗuwa a gaɓar tekun Atlantika. Rake da kofi da kiwon shanu da birane sun cinye shi, saura kimanin kashi 12 cikin ɗari, shi ma a warwatse cikin guntaye sama da dubu ɗari biyu. Fiye da kashi 80 na guntayen ba su kai hekta 50 ba.

Manoman can, kamar na ko'ina, kwari suka fi so, domin nan ruwa da ƙasa mai albarka suke. Sai aka wayi gari kurmi ya saura a kan tudu, rafi kuma yana ƙasa tsirara cikin makiyaya. A 2007 Carlos Guilherme Becker da abokan aikinsa suka nuna a mujallar Science cewa duk inda aka raba kurmi da rafinsa haka, nau'o'in kwaɗin da ke haihuwa a ruwa suna raguwa, yayin da masu ajiye ƙwai a cikin ganye wannan rabuwar ba ta cika taɓa su ba.

Yadda abin ke faruwa a fili yake. Iyaye su sauko daga kurmi su ratsa makiyaya su zuba ƙwai, wasu su mutu a hanya. 'Ya'yan da suka fito daga ruwa, ƙanana ƙwarai, ba su san inda kurmin yake ba, kuma su ne za su haura tudu cikin rana. Kurmin na nan tsaye, ba a sare itace ko ɗaya ba, mai gadi ma na bakin aikinsa, amma shekara bayan shekara masu komowa na raguwa.

A ganina wannan ne abin da hukumomin gandun daji suka fi sakaci da shi. Suna auna nasara da yawan itatuwan da ke cikin iyaka, alhali makomar kwaɗon da ke ciki a wajen iyakar ake yanke ta.

A arewacin Brazil kuma, kusa da Manaus, wani bincike da Thomas Lovejoy ya assasa a 1979 ya bi guntayen kurmi masu hekta 1 da 10 da 100 da aka bari a tsakiyar filayen kiwo. Abin mamaki, bayan an yanke su daga babban daji, yawan nau'o'in kwaɗi a cikinsu ƙaruwa ya yi. Da aka duba da kyau sai aka ga baƙi ne daga fili suka kutso. Waɗanda ke iya ratsa makiyaya sun zauna daram, masu gudun fili kuwa suka ragu ko suka ɓace. Ƙidayar nau'o'i kaɗai takan yaudari mutum, sai an tambaya su wa suka tafi, su wa suka zo.

Gona suna ta tara

Ba kowace gona ke cutarwa daidai ba. A kudu maso yammacin Kwaddibuwa, kusa da gandun Taï, Annika Hillers da Michael Veith da Mark-Oliver Rödel sun kwatanta kwaɗin babban daji da na guntayen da noma ya kewaye. Sakamakon da suka fitar a 2008 ya nuna guntayen sun yi asarar nau'o'i, amma lalacewar cikin kurmin ta fi yankewar kanta illa. Abin da ya fi tasiri shi ne samun ruwan haihuwa, da yanayin itatuwa, da kaurin ganyen da ke ƙasa.

Gonar koko ko kofi da aka bar manyan itatuwa suna yi mata inuwa, kwaɗo kan iya ratsa ta, har wasu su zauna. Gonar masara da aka share tas aka fesa, ko makiyayar da shanu suka aske aka kuma cinna mata wuta da rani, wannan sai mai tsananin juriya.

Itacen turare da ya cika Mambila yana tsaka-tsaki. Yana ba da inuwa, katakonsa kuma na kawo wa mutane kuɗi na gaske. Amma yana shan ruwa sosai, ganyensa ba ya ruɓewa da wuri, ƙarƙashinsa kuma sau da yawa a bushe yake.

Gona ba ta tsayawa inda kunya ta ƙare. Zafi da busasshiyar iska na kutsawa ta gefen kurmi su busar da ganyen ƙasa. Wani nazari na ƙasashe da dama da aka buga a 2017 ya nuna cewa dabbobin da suka dogara ga tsakiyar daji ba sa kai cikar yawansu sai an yi nisan mita 200 zuwa 400 daga gefe. Kurmin bakin ƙorama mai faɗin mita talatin ba shi da tsakiya ke nan, duk jikinsa gefe ne. Duk da haka shi ne kaɗai hanyar da ta rage mai inuwa tsakanin wannan kurmi da wancan.

Abin da ruwa ke kwasowa

Gona a sama, ƙorama a ƙasa: duk abin da aka zuba a gona, ruwan sama zai kai shi gidan kwaɗo.

Na farko laka ce. Gangaren da aka nome ko shanu suka tattake, in ruwa ya zuba, jar ƙasa ke gangarowa ta cike ramukan da ke tsakanin tsakuwa, inda 'ya'yan kwaɗin ƙorama ke ɓuya. Takin zamani kuma ya sa gansakuka ta yi yawa, ruwa ya sauya.

Sai maganin feshi, wanda cikin 'yan shekarun nan ya karɓe aikin fartanya a gonaki da yawa. A 2005 Rick Relyea na Jami'ar Pittsburgh ya gwada maganin ciyawa na Roundup a tafkunan gwaji, kusan duk 'ya'yan kwaɗin da ke ciki suka mutu cikin mako uku. An fi ɗora laifin a kan sinadarin da ake haɗawa don maganin ya kama ganye. A 2013 Carsten Brühl da abokan aikinsa a Jamus suka fesa wa ƙananan kwaɗi magungunan gona iri bakwai daidai ma'aunin da aka rubuta a jikin kwalba. Mace-macen sun kama daga kashi 40 zuwa ɗari bisa ɗari, wasu cikin sa'a guda.

Kan atrazine, wanda manoman masara suka sani sarai, an daɗe ana ja-in-ja. Tyrone Hayes na Jami'ar California ya ba da rahoton cewa ɗan kaɗan daga cikinsa a ruwa na rikita halittar mazajen kwaɗi, har wasu su koma mata. Kamfanin Syngenta da ke sarrafa shi ya ƙi amincewa da sakamakon, hukumar kare muhalli ta Amurka ma ta ce a 2007 ba ta ga hujjar da ta gamsar da ita ba. Tarayyar Turai dai ta daina ba da izinin amfani da shi tun 2004, saboda yadda yake shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. A Najeriya hukumar NAFDAC ta sanar da shirin janye shi daga kasuwa tare da paraquat.

Waɗannan gwaje-gwaje a kan kwaɗin Turai da Amurka da na ɗakin bincike aka yi su, amma fatar kwaɗo ɗaya ce a ko'ina. Kuma a ƙauyukanmu akwai ɗabi'ar da ta fi feshin kansa haɗari: a ɗebi ruwan haɗa magani a rafi, a gama aiki a wanke injin a rafin, a jefar da kwalbar a nan. Ƙasa kaɗan da wurin, mata na ɗibar ruwan girki.

Manomi da makiyayi

Zalunci ne a ɗora wa manomi laifin duka. Kuɗin ƙwadago ya yi tsada, samari da yawa sun tafi birni, kwalbar magani ɗaya kuma na yin aikin da mutane da dama za su yini suna yi. Kwari ne ke da laima da ƙasa mai ƙarfi. A Mambila kuma fili ya yi ƙaranci, domin tuddai da yawa sun zama wuraren kiwo, wasu har da shinge. Mai iyali da ke da 'yar gona a bakin ƙorama, in aka ce ya bar taku ashirin bai noma ba, abincin wata guda ko fiye ake ce masa ya bari.

Makiyayi ma na da tasa hujjar. Yana ƙona busasshiyar ciyawa ne don sabuwa ta tofo, kuma da rani babu inda shanu za su sha ruwa sai ƙoramar da ke cikin kurmi. Sai dai kowace gobara na lasar gefen kurmin, kowane garke kuma na tattake ƙananan itatuwan da za su gaji manya.

Maganar fili a Mambila ba abin wasa ba ce. Rikicin watan Yunin 2017 ya ci rayuka da dukiya masu yawa. Duk wanda zai zo da shawarar keɓe bakin rafi, dole ya san a kan wace ƙasa yake taka ƙafa, ya kuma zauna da sarakuna da ardo-ardo da masu gonakin kafin ya kafa turke ko ɗaya.

Me za a rasa?

Kwaɗo na cin ƙwari da yawa, shi kuma abinci ne ga tsuntsaye da macizai da kifi. 'Ya'yansa na kankare gansakukar da ke kan duwatsun rafi. A Costa Rica da Panama, inda wata cutar fata ta kashe kwaɗi da yawa daga shekarun 1980 zuwa 2000, wani bincike na 2022 ya gano cewa zazzaɓin cizon sauro ya ƙaru na wasu shekaru a yankunan da abin ya shafa. Can cuta ce ta yi ɓarnar, ba gona ba, amma ta nuna irin giɓin da ke buɗewa in kwaɗi suka tafi.

Ga al'ummar Musulmi kuma akwai abin tunawa. Abu Dawud ya ruwaito cewa wani mai magani ya nemi izinin sa kwaɗo a haɗin magani, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana kashe shi. Da wuya ka ji an kawo wannan a wa'azi lokacin da ake shirin feshin damina, alhali nan ne muhallinsa.

Abin da ake gwadawa

A Ngel Nyaki, ma'aikatan cibiyar sun killace wasu filayen ciyawa da ke gefen kurmi don hana shanu da wuta shiga, suna kuma renon itatuwan asali na wurin suna dasawa. Aiki ne mai tafiyar hawainiya, domin ciyawa na danne ƙananan itatuwa, gobara ɗaya kuma na iya shafe wahalar shekaru.

A Ghana, Caleb Ofori-Boateng ya bi ta hannun jama'a. Ya riƙa shiga majami'u yana yi wa mutane bayanin wani kwaɗon ƙorama da ke gab da ƙarewa a tsaunukan yankin Volta, har al'ummomin wajen Amedzofe suka ba da filinsu aka kafa wurin kariya mai suna Onepone a 2018.

Brazil kuwa doka ta sa. Dokar gandun dajinta ta wajabta barin mita 30 na itatuwa a kowane gefe na ƙaramin rafi. Manoma sun yi ta kukan cewa nauyin ya yi musu yawa, har a 2012 aka sassauta wa masu ƙananan gonaki faɗin da za su maido inda aka riga aka sare. Masana kimiyya da dama sun soki sassaucin, amma rigimar ta fito da tambayar da ba ta kaucuwa: wa zai biya?

Wasu matakan ba sa cin kuɗi. Malaman gona da dillalan magani na iya koya wa mutane su ɗebi ruwa a bokiti su haɗa magani nesa da rafi, su daina feshi in hadari ya haɗu, su bar kunyoyin da ke bakin ruwa ga fartanya. Ana iya ware wa shanu mashaya guda a gyara ta, maimakon su shiga ta ko'ina. Ana iya share layin tare wuta kafin a cinna.

Barin bakin ƙorama ba noma kuwa asara ce ga mai gona, kuma ba shi kaɗai ke cin moriyar ba. Ƙoramun Mambila ne ke ciyar da kogin Donga, wanda ke zuba a Binuwai. A kan Dongan ne aka shafe shekaru da dama ana maganar gina madatsar ruwa da tashar wutar lantarki mai ƙarfin megawat dubu uku. Lakar da ke cike ramukan 'ya'yan kwaɗi a yau, ita ce za ta taru a bayan madatsar in an gina ta. Gwamnatin da ke lissafin biliyoyin daloli kan wannan aiki ya kamata ta sa a cikin lissafin abin da za ta riƙa biyan manomin Yelwa ko Nguroje duk shekara kan taku ashirin ɗin da ya bar wa itatuwa.